Zoben Gonar Tudu

Litinin, 9 ga Yuli 1990, da hantsi

Yau ma takalmansa a jiƙe. Da zan kwanta a bushe na bar su kusa da murhu, da na sauko ɗora shayi na same su a bakin ƙofa, raɓa ta jiƙa su sharkaf, ga ƙaiƙayin alkama ya manne musu. Shi kuwa Ivor, maigidan nawa, yana zaune kan kujerarsa da kayan barci da hula a ka, yana jiran karin kumallo hankali kwance. Na tambaye shi ina ya je, ya ce aiki. Na ce wane aiki, sai ya yi mini kallon da ake wa wanda ya tambaya ko saniya tana da ƙafa huɗu.

Ni ba mai rubuce-rubuce ba ce. Amma abin nan ya cika mini ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Tun da aka tsince shi a tashar bas cikin watan Afrilu, da kayan barci, yana jiran motar da aka daina tun Gillian na goye, ita Gillian ɗin, 'yarmu tilo, ta kafa mini sharaɗi a gaban likita. In ya sake fita ya ɓace, za a kai shi gidan can na bayan asibiti, inda tagogi ba sa buɗuwa. Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Saboda haka babu abin da ya faru yau. Gajiya ce kawai ke damunsa. Har yanzu babu ruwan sama.

Talata, 10 ga Yuli, da yamma

Ya ci abinci sosai. Ya kira ni da sunana. Babu ruwa.

Alhamis, 12 ga Yuli, bayan karin kumallo

Da asuba na ji an zare sakata, na lallaɓa na bi shi. Bai yi wajen titi ba, na gode Allah. Gonar Tudu ya nufa, ya bi sawun tarakta ta cikin alkama, ya wuce gindin tudun tsoffi, wato kabarin mutanen da can, da muke kewayewa da garma, ya gangara inda ɗan'uwan tudun yake kafin wasu mutanen da su baje shi. Bana fari ya fito da wurin sosai. Alkamar duk gonar ta yi ja, amma ta saman tsohon ramin da ya kewaye kabarin tana nan da sauran korenta, ta kuma fi sauran tsayi, ta zana zobe.

Nan ya tsaya, ya mai da hannuwa baya, ya fara kewaya zoben ta waje, yana jan ƙafa a karkace yana kwantar da kara. Ya kewaya, ya sake kewayawa, ba ya sauri, ba ya tuntuɓe. Mutumin da jiya ya kasa gane wace ƙofa ce ta banɗaki. Da ya gama ya biyo sawun da ya kawo shi, ya iske ni a bakin shinge, ya ɗaga mini hula ya ce, "Ina kwana, Madam." Ya wuce gida.

Wajen shan shayi na yi ta jan shi da hira har ya faɗa.

"Baba ya ce a taka zobe kafin yanka," in ji shi. "In ba a taka ba dawakai za su shiga."

Baban nasa, tsoho Maslen, ƙasa ta rufe masa ido tun kafin a haifi Gillian. Amma na tuna. Shekarar da aka kawo ni gidan nan amarya na ga ana yi. Gabanin girbi tsohon zai tura yara su taka hanya kewaye da zoben don mai tuƙa dawakai ya ga iyaka ya kauce. Alkamar ciki ita ake yankewa ƙarshe, da hannu, da dogon lauje, surukata ta rataye damin a kicin har shekara ta kewayo. Wai don kada a tada na ƙasa da hayaniyar ƙarfe. Kuma wa ya kashe al'adar? Shi dai wannan Ivor ɗin, ranar da ya sayo injin girbi. Ya ce camfi ne, matattu ba sa cin burodi. Har uwarsa ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba.

Na yi kuka a wajen wanke-wanke, amma kukan da ɗan sauƙi a cikinsa. Yana fita, yana kewayawa, yana dawowa. Wannan ba ɓacewa ba ne. Babu wanda ya isa ya kira shi ɓacewa.

Asabar, 14 ga Yuli, tsakar rana

Wani ƙaramin jirgin sama ya yi ta shawagi a kan gonar tun safe, ya tafi ya dawo, har kaji suka shige ƙarƙashin amalanke.

Bai jima da tafiya ba sai ga Wilf Ockwell, maƙwabcinmu, da tsumman motarsa. Tun daga ƙofa yake washe baki.

"Muriel, ashe ke ma baƙin sama sun sauka gidanki? Kin dai ba su shayi ko?"

Na ce na ba su, sun ce ya fi na matarsa. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya sha mur ya ce bara da aka yi masa irin wannan zanen a gonar sha'ir, bai ko karya kumallo ba ya shiga da inji ya aske shi, don ya san yaran mashaya ne da katako da igiya. Ya ce in yi haka tun kafin masu gemun nan da ke bin irin wannan zane, suna cewa aikin halittun sama ne, su ji labari, in ba haka ba za su tattake mini gona su bar mini ƙyaure a buɗe. Na ce alkamar ba ta bushe ba. Ya ce ita ma tasa ba ta bushe ba, ai hasarar kadada guda ta fi ta gona guda.

Ya tambayi Ivor, na ce yana hutawa, gajiya ce. Ya ɗan dube ni, ya ce to a gaishe shi.

Lahadi, 15 ga Yuli, da yamma

Ni kaɗai na je coci. Gillian ta bugo waya, na ce lafiyarsa ƙalau.

Talata, 17 ga Yuli, wajen ƙarfe biyar na yamma

Mun fito a jarida. Ba mu ba, gonar. Hoto daga sama, ga tudu, ga zoben Ivor a gindinsa, ɗan karkatacce ta gabas inda ƙafarsa ta hagu ke ja.

Kafin azahar motoci sun cika lungunmu kamar an aiko su. Masu gemu, masu kyamara, 'yan mata ba takalmi, da wani da ya kwanta rigingine a tsakiyar alkamata yana gurnani. Na fita da tsintsiya, na rasa wanda zan fara kora. Wadda ta fi su hankali wata dattijuwa ce mai furfura da sandunan tagulla biyu a hannu, irin na masu laluben abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ta ce sunanta Rosalind, da malamar makaranta ce. Ita kaɗai ta nemi izini, ita kaɗai ta rufe ƙyaure.

Ta ce ta ga zane-zane da yawa bana a gonakin yankin nan, masu kyau kamar an buga da inji, kuma kyan nasu ne ya sa ba ta yarda da su. Wannan kuwa ba a yi shi don a burge kowa ba. Ya zauna daidai kan tsohon ramin, bai kauce ba ko taku ɗaya. Ta ce ƙasar nan ba ta manta abin da aka binne mata, wani lokaci takan tuna da ƙarfi har ya fito fili.

Na ce mata ni dai alkama na sani. A raina na ce, baiwar Allah, ƙasa ta tuna, mai ƙasa ya manta.

Laraba, 18 ga Yuli, da hantsi

Ya fita da asuba, ya dawo. Ba kowa a lokacin. Babu ruwa.

Juma'a, 20 ga Yuli, da yamma

Sun gane zoben yana ƙara faɗi kowace safiya. Dole ya ƙara, tun da kullum Ivor ta waje yake bi, kafaɗarsa na gogar alkamar da ke tsaye. Sun kafa 'yan tsinkaye sun auna, yanzu murna kamar su taka rawa.

Rosalind ta shigo kicin neman ruwan sha, ta tarar da Ivor. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Amma tsohon nan sai ya miƙe, ya ja mata kujera, ya yaba hularta, ya tambaye ta ko mutanenta suna lafiya. Haka yake da baƙi, ladabin bai bar shi ba, shi ne abin da ya rage a wurinsa cif. Ta ce mini na yi sa'ar miji. Na ce haka ake faɗa.

Da za ta fita ta faɗa mini abin da ya kawo ta. Daga jibi za su kafa tantuna a gefen tudu, su kwana suna gadi da kyamarori da abin hangen nesa, don su ga abin da ke zuwa da asuba. Har wani ɗan jarida zai zo. Na ce gonata ce, ban yarda ba. Ta ce ai a kan hanyar jama'a za su zauna, wadda ta bi ta bayan tudun, kuma gaskiyarta, babu mai hana kowa wannan hanyar.

Saura kaɗan in faɗa mata. Bakina ya buɗe. Sai na hango hoton Ivor a jarida da kayan barci, da Gillian tana karantawa a ofis. Na ce ta gaida gida.

Lahadi, 22 ga Yuli, da magariba

Tantuna sun tashi. Na kulle ƙofar gaba da ta baya, na sa makullan cikin aljihun rigata.

Litinin, 23 ga Yuli, da hantsi

Ya taɓa sakata, ya ja, ya sake ja. Ya hau sama ya tashe ni, wai ƙofa ta lalace. Na ce sai an kira kafinta. Ya zauna a matakala da takalmansa a ƙafa har rana ta fito.

Bai ci komai ba sai rabin burodi.

Talata, 24 ga Yuli, tsakar rana

Haka dai.

Laraba, 25 ga Yuli, da yamma

Ya yi kuka yau. Shekarunmu tare ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne uwarsa. Ya riƙe mini hannu yana roƙona kamar yaro, wai in taimake shi, Baba zai dawo daga kasuwa ya tarar ba a yi ba. Na ce gobe. Ya ce jiya ma gobe na ce. Ga shi ba ya tuna sunan jikokinsa, amma ya tuna ƙaryata ta jiya.

Na tsani mutanen nan na kan tudu. Ina hango su ta taga suna dafa shayi a ƙaramin risho, suna dariya, suna jiran abin al'ajabi, ni kuwa na kulle musu shi a ɗaki. Na tsane su, na tsani kaina fiye da su.

Babu ruwa. Sama fes kamar an share.

Alhamis, 26 ga Yuli, da hantsi

Na buge hannuna da ƙofa. Haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaya. Na sa riga mai dogon hannu duk da zafin nan.

Gillian ta bugo. Wata abokiyar aikinta ta nuna mata jaridar, ran Lahadi za ta zo da yara su ga zoben, ta kuma ga babanta. Ta ji bugu ta cikin waya ta ce mene ne wannan. Na ce Wilf ne ke gyara mana rufin rumbu.

Juma'a, 27 ga Yuli, da yamma

Wilf ya kawo mana ƙwai, alhali ya san muna da kaji. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula, Ivor kuwa yana sama yana kiran sunan wani doki da ya mutu tun zamanin yaƙi. Wilf ya saurara, ya dubi hannuna, ya dubi ƙasa.

"Ni ma na taka zoben nan sau ɗaya, ina ɗan yaro," in ji shi. "Tsohon ya ba ni tuffa."

Ashe ya sani tun ranar farko. Na ji kunya, na kuma ji kamar an sauke mini kaya. Na ce to me zan yi.

"Abin da na faɗa miki tun farko. Ki aske shi. In babu abin kallo, gobe-gobe za su naɗe tantunansu, ki buɗe wa bawan Allah ƙofa ya sha iska. Haka kowa ke yi, Muriel, ba a kanki aka fara ba."

Na ce alkamar cikin zoben ita ake yankewa ƙarshe, kuma da hannu. Ya ce haba Muriel, yau ke ce da wannan maganar? Ya ce zai zo ya yi mini. Na ce a'a, gonarmu ce, ni zan yi.

Asabar, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Na yi.

Na jira raɓa ta ɗauke, na tada injin, na shiga ta ƙyauren ƙasa. Sun ɗauka wucewa zan yi, har wasu na ɗaga mini hannu. Da suka ga na nufi zoben suka yo gangara a guje. Wani mai gemu ya bi ni yana zagi, ban ji rabin abin da ya ce ba saboda ƙarar inji, kuma ban yi asarar komai ba. Na yanke alkamar ciki, na yanke ta waje, na share fili mai kusurwa huɗu. Wadda Ivor ya kwantar bakin injin bai iya ɗauka ba, sai na bi ta kai da taya, na bar ciyawar da injin ke zubarwa ta rufe ta. Rosalind ba ta yi zagi ba. Ta tsaya a bakin shinge da sandunanta a hannu tana kallona.

Da na juyo na hango Ivor a tagar sama, tafukansa biyu a kan gilashi. Da na shiga gida ya riga ya manta. Ya tambaye ni ƙarar me ya ji ɗazu, na ce jirgi ne.

Lahadi, 29 ga Yuli, da magariba

Wilf ya yi gaskiya, sun watse. Sun bar mini kwalabe da toka.

Gillian ta zo, yara suka yi ta ƙunƙuni don ba su ga komai ba. Na yi wa Ivor aski, na sa masa rigarsa ta coci, ya zauna a kan tebur ya yanka nama da kansa. Ya kira ta "yarinyata," ita kuma ta ɗauka ya gane ta. Da za ta shiga mota ta ce, "Mama, Baba ya fi yadda na zata. Ke ce kika rame." Na ce zafi ne.

Na mai da makullan inda suke. Yau zan yi barci.

Litinin, 30 ga Yuli, da hantsi

Da asuba na ji sakata, na juya na ci gaba da barcina, har da murmushi.

Shayinsa ya huce. Bai dawo ba.

Litinin, da yamma

Na je gonar. Sawunsa yana nan a kan ciyawa, ya yi gaba, ya dawo, ya yi gefe, ya dawo. Babu inda ya kewaya, don babu abin kewayawa, babu alkamar da kafaɗarsa za ta goga. Daga nan sawun ya miƙe zuwa ratar shinge, ya hau tsohuwar hanyar alli da ta bi kan tuddai, can ƙasa ta yi tauri ba ta riƙe sawu.

Na kira Wilf. Wilf ya kira 'yan sanda. 'Yan sanda suka kira Gillian.

Talata, 31 ga Yuli, da magariba

An same shi. Yana da rai.

Rosalind ce ta gan shi. Ashe ba ta bar gari ba, tana ɗakin da ke saman mashaya, da ta ji labari ta tattaro masu gemunta da abin hangen nesansu suka bazu kan tuddai tare da mutanen ƙauye. Can bayan gari uku suka hango shi, a gindin wani tudun tsoffi na wata gona, yana kewaya shi, hannuwa a baya. Takalmi ɗaya ya fita, ƙafar duk jini, rana ta ƙone masa wuya da fuska. Wanda ya zage ni ran Asabar shi ya goyo shi har bakin titi.

A asibiti ta kawo mini shayi a kofin roba, ta zauna kusa da ni. Ta ce uwarta ma haka ta yi, shekara da shekaru, ita kuma kullum hanyar makarantarsu ta firamare take nema. Ta ce tun ranar da ya yaba hularta ta ɗan yi zargi, don sau uku ya yaba.

"Da kin faɗa mini, da na kwashe su tun ranar. Da na ce musu yaran mashaya ne."

Na ce mata shayinta zai huce.

Juma'a, 3 ga Agusta, tsakar rana

Zafi kamar a cikin tanda. Gillian ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi ya fi mini sauƙi. Ta naɗe mini hannun riga ta duba, ta mayar, ta je ta tsaya a taga. Ta ce ba don ta hukunta kowa ba ne. Ta ce likita ya ce. Ta ce an samu gado a gidan can na bayan asibiti. Na ce kwana ɗaya ne kawai ya ɓace, kuma akwai dalili, yanzu na san dalilin. Ta ce, "Mama, na roƙe ki."

Laraba, 8 ga Agusta, da yamma

An kai shi.

Asabar, 11 ga Agusta, da magariba

Wilf ya girbe mana Gonar Tudu. Ya shigo da ƙura a gira, ya ce alkamar ba laifi in aka duba farin da aka yi. Ya so ya ce wani abu game da shawarar da ya ba ni, na tare shi da faranti. Ba shi ya hau injin ba.

Hayar gonar da sunan Ivor take, don haka ƙarshen Satumba zan miƙa. Gillian ta ce akwai ɗaki a gidanta mai kallon wurin ajiye motoci. Na ce to. Kwanan nan komai aka ce mini, to nake cewa.

Har yanzu da asuba ina farkawa ina sauraren sakata.

Laraba, 15 ga Agusta, da hantsi

Ruwa ya sauko. Yanzu da ba wanda ya roƙe shi.

Lahadi, 19 ga Agusta, da yamma

Na je. Yana barci. Sun yi masa aski irin wanda ba ya so.

Juma'a, 24 ga Agusta, da safe

Na fita shanya, na ɗaga kai, sai na gan shi. Duk gonar fari fat da guntayen kara, amma a gindin tudu ga zobe kore shar. Ƙwayar da ta zube daga alkamar da ya kwantar ce ta sha ruwa ta tsiro, ta huda ciyawar da na rufa mata. Ba abin al'ajabi ba ne, kowane manomi ya san haka za a yi. Ga faɗinsa, ga ɗan karkacewar nan ta gabas. Duk inda ya sa ƙafa ya fito.

Na zauna a kan kwandon wanki na daɗe. Da ya fito wata guda da ya wuce, da yanzu Ivor yana sama yana minshari.

Jirgi bai zo ba. Babu wanda ya zo.

Lahadi, 26 ga Agusta, bayan la'asar

Yau idonsa biyu. Yana zaune a bakin taga, an sa masa silifas na wani. Da ya gan ni fuskarsa ta yi haske, na ɗauka ya gane ni, sai ya ce, "Inna."

Na zauna. Ya matso, ya rage murya don kada na gadon kusa ya ji.

"Inna, ban gama ba. Na nemi zoben ko'ina ban gan shi ba. Baba zai yi faɗa?"

Na ce ba zai yi ba. Na ce zoben yana nan, ya fito da kansa, kore shar, daga kicin ma ana hangowa. Ya yi ajiyar zuciya, ya saki jikinsa a kujera.

"To gobe ki tashe ni da wuri."

Na ce to. Ya sa hannu ya taɓa mariƙin tagar, ya ja, ya sake ja, ya ce mini ta lalace, sai an kira kafinta.

Talata, 28 ga Agusta, da hantsi

Yau Wilf ya ce zai huɗe Gonar Tudu, mai ƙasar da ya ba mu haya yana so a bar masa ita a gyare.

Na riga shi fita. Takalmana suna cikin akwatin da Gillian ta ɗaure, sai na zura tsofaffin takalman Ivor da ke bayan ƙofa, sun yi mini yawa, dole na riƙa jan ƙafa. Na bi sawun tarakta, na wuce gindin tudu, na mai da hannuwa baya. Ban san sau nawa ake yi ba, ban taɓa tambayarsa ba. Ina cikin kewayawa na ji taraktar Wilf a bakin ƙyaure. Ya hango ni, ya kashe inji, ya zauna yana kallon wani wajen har na gama. Da na zo wucewa ya ɗaga mini hula.

Yanzu ina jin ƙarar garma. Na ja labule. Na zuba shayi kofi biyu kafin in tuna.

Takalmansa suna bakin ƙofa, a jiƙe.